Wa ke da gawa? Nazarin wata jana'iza da aka yi wa jayayya a Garwa

Mamacin da wannan nazari ya shafa ɗan ƙabilar Kapsiki ne, haifaffen wani ƙauye a yankin Mogode, cikin duwatsun Mandara da ke kan iyakar Kamaru da Nijeriya. Ya gangaro Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, yana saurayi a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Ahmadu Ahijo, lokacin da 'yan dutse ke ta kwararowa kwarin Binuwai neman gona da aikin yi. Wani mahauci Bahaushe ya riƙe shi. A hannunsa ya musulunta, ya koyi fawa, ya koyi Hausa har ta zauna a bakinsa, daga baya aka ba shi aure a unguwar Hausare. Ya yi sama da shekara arba'in a cikinmu, ba a rasa shi a sahun asuba. Amma bai yar da gida ba. Duk kaka sai ya hau dutse ya kai wa wansa gishiri da sabulu da yadi. Wan nan nasa yana kan addinin kakanninsu har yau. Akwai kuma ɗan wan, Kirista, malamin firamare a nan cikin Garwa.

Na sakaya sunaye domin iyalan suna nan, suna kuma haɗuwa a kasuwa. Wani abin na gani da idona a zauren gidan, wani kuwa daga bakin matar marigayin da ɗan wansa na ji shi.

Daga asuba zuwa azahar

Rai ya yi halinsa dab da kiran sallar asuba, cikin watan Afrilu, bayan jinyar 'yan makonni a gida. A Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, kuma kowa ya san abin da irin wannan zafi ke yi wa gawa. Liman na yin sallama aka sanar, aka sa jana'iza ƙarfe goma. Samari suka saɓi diga da shebur suka nufi maƙabarta, tela ya yanka likkafani, aka aiki yaro ya tsinko ganyen magarya. Kafin hantsi an buga wa surukai waya a Ngaundare da Mubi.

Wanda ba a kira ba shi ne wan mamacin, kuma ba mantuwa aka yi ba. Matar tana cikin kuka ta ce wa ƙanenta: "Ka kira Yaya na dutse. Maigida ya ce in ta Allah ta kasance kada a kai shi can, amma a gaya masa." Ƙanen ya ce to, ya fita, bai kira ba. Daga baya bai ɓoye dalilinsa ba: in aka gaya musu da wuri za su iso kafin a rufe shi, su ce sai sun tafi da shi.

Wajen ƙarfe tara wani mai babur ɗin haya ya tsaya a bakin makaranta ya yi wa ɗan wan gaisuwar rashi, yana zaton ya sani. Ta haka ya ji. Ya iso gidan an riga an shiga wanka. Daga zaure ya kira dutse, aka kai wa mahaifinsa wayar, tsohon ya ce kada a binne, a kawo masa ƙanensa gida. Malamin ya juyo wurin liman da Fillanci, harshen da ya haɗa kowa a wurin.

"Baba Liman, ku yi wa Allah ku dakata. A kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti, ni zan biya. Gobe ko jibi sai a zauna."

"Ɗana, mu ba ma ajiye gawa. Babanka Musulmi ne, haƙƙinsa a wuyanmu yake."

"To mu fa? Daga sama ya faɗo muku?"

Wani saurayi a bakin ƙofa ya ce ba za a ba arna gawar Musulmi su yi rawa da ita ba. Dattawa suka tsawata masa, amma magana ta riga ta fita. Malamin ya ce zai tafi wurin hukuma. Tun 1974 Kamaru na da dokar da ta tsara binne gawa da tono ta da ɗaukarta daga gari zuwa gari, kuma ba a tonowa ko ɗauka sai da izini. Sai dai duk wanda ke zauren ya san in maganar ta shiga ofis, gawar ce za ta kwana ba sutura.

Jauro, wato mai unguwa, shi ne ya shiga tsakani. Aka ɗaga jana'izar zuwa bayan azahar, aka bar malamin ya shiga ya ga fuskar baffansa kafin a ɗaure likkafani. Ya nemi ya ɗauki hoto da waya ya nuna wa mahaifinsa, masu wanka suka ƙi. Ya bi makara har maƙabarta, ya tsaya gefe lokacin da aka yi kabbara huɗu. Babban ɗan mamacin da maƙwabta biyu suka shiga kabari, suka kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, aka jera itace, aka yaɓe, aka tura ƙasa. Tsohon kuwa yana bayan babur, a hanyar da ta bi ta Rumsiki da Burha. Ana kiran magariba ya iso.

Tambayoyin tsohon

An zaci zai zo da faɗa. Ya zauna a kan tabarma ya yi shiru mai tsawo, sannan ya tambaya: wa ya ɗauke shi, wa ya sa shi a rami, kuma su wa suka zo. Aka gaya masa, da alfahari ma, cewa makarar ba ta sauka daga kafaɗun mutane ba, kowa na rububin ya kama, kuma ɗansa na fari ne ya kwantar da shi. Tsohon ya sake tambaya: ɗansa na cikinsa? Duk garin nan babu maƙera ne? Da aka kawo tuwon dare ya gane cewa mutumin da ke kusa da shi yana cikin waɗanda suka shiga kabarin, sai ya janye hannunsa daga kwanon. 'Yan unguwa suka ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Har gobe akwai masu ba da labarin a haka.

Ba wulaƙanci ya nufa ba, kuma a nan ne binciken masana ke da amfani. Walter van Beek, wani mai nazarin al'adun al'umma ɗan ƙasar Holan, ya fara zama a Mogode tun farkon shekarun 1970, ya yi ta komawa shekara da shekaru. Ya fitar da littafi a 2012 kan addinin Kapsiki da bukukuwansu, da wani a 2015 kan maƙeransu kaɗai. Kapsiki su ne mutanen da ake kira Higi ko Kamwe a ɓangaren Nijeriya, wajen Michika. A cikinsu maƙera jinsi ne na daban, kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'a. Suna aure a junansu, sauran mutane ba sa cin abinci kwano ɗaya da su. Su ke ƙira, matansu ke ginin tukwane, su ke kiɗa da magani da duba da ƙaguwa. Kuma su ne masu gawa.

Idan babban mutum ya mutu a can, ba a binne shi sai a rana ta uku. Maƙera ke shirya gawar, a sa mata riguna, a ƙawata kanta, maƙeri ya saɓe ta a wuyansa ya shiga da ita filin rawa, ana kiɗa ana kuka. Dangin uba da dangin uwa da surukai suna isowa daga ƙauyuka, kowane rukuni da abin da ya wajaba ya kawo da wurin da zai tsaya. Sannan a binne mamacin a zaune, a wani matsattsen kabari. Bayan watanni a sake taruwa a kammala kabarin. Ba wai ba sa jin abin da kwana uku ke yi wa gawa ba ne. Van Beek ya rubuta maƙala guda a 1992 kan yadda wari ya zama iyaka tsakanin maƙera da sauran jama'a. Sun san nauyin aikin, sun kuma ware mutanen da za su ɗauke wa iyali shi.

Da wannan idon tsohon ya dubi abin da muka yi. Ya ga an kai ƙanensa rami cikin awa takwas, babu ɗan uwansa na jini ko ɗaya daga gida sai yaro guda da ya tsaya gefe, babu dangin uwa, kuma an bar ɗa ya ɗauki gawar ubansa kamar wanda ba shi da kowa. Mutumin da ya janye wa hannu, a lissafinsa, maƙeri ne tunda ya shiga kabari. Mu kuwa wannan mutumin dattijon kirki ne da ya yi wa maƙwabcinsa aikin lada. Bahaushe ba ya ƙyamar maƙeri, muna da Sarkin Maƙera ma. Amma kada mu yi saurin ganin baƙon abu, domin mamacin nan mahauci ne, kuma mun san gidajen da har yanzu ke jan ƙafa kafin su ba mahauci ko wanzami 'yarsu.

Tun a 1907 wani Bafaranshe, Robert Hertz, da ya yi nazarin jana'izar mutanen Dayak na tsibirin Borneo, ya nuna cewa a wurin al'ummomi da yawa mutuwa ba ta kammaluwa ranar da numfashi ya tsaya. Abu uku ke tafiya tare: halin da gawa ke ciki, halin da ake ganin ruhi ke ciki, da halin da masu makoki ke ciki. Sai an kai ukun inda za su tsaya kafin rayuwa ta koma daidai. Mu ma ba mu fita daga wannan ba. Muna zaman makoki, gidaje da yawa na sadakar uku da bakwai da arba'in duk da cewa wasu malamai na ganin bidi'a ce, matar mamaci na takaba wata huɗu da kwana goma. Bambancin shi ne mu muna sallamar jiki tun a rana ta farko, sauran tafiyar a kan tabarma ake yin ta, da addu'a da "ya haƙuri". A dutse kuwa jikin ne cibiyar taron. A gabansa ake nuna wanda ya zo da wanda ya ƙi zuwa, a gabansa dangin uwa ke tabbatar da cewa ɗansu ya mutu da gata. In babu jikin, babu inda za a tsaya a yi waɗannan.

Akwai kuma tarihi a ƙarƙashin maganar, wanda mu 'yan birni muke mantawa su kuwa ba su manta ba. Hamman Yaji, sarkin Madagali, ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, inda ya lissafa da kansa hare-haren da ya aika ƙauyukan duwatsun nan da bayin da aka kamo. Kakannin wannan tsohon a zamanin suka rayu. Bayan haka, a mulkin Ahijo daga 1960 zuwa 1982, 'yan dutse da yawa sun ga cewa aiki da muƙami sun fi zuwa da sauƙi ga mai sunan Musulmi. Ban ce marigayin don haka ya musulunta ba. Wanda ya ga sallarsa ba zai ce haka ba. Amma idan tsoho a Mogode ya ji cewa Musulmin ƙasa sun rufe ƙanensa ba su gaya masa ba, ba sabon labari ya ji ba. Ya ji an sake ɗauke musu mutum ne.

Rigar

A rana ta biyu matar ta nemi a shigo mata da tsohon. Ta gaishe shi a durƙushe, ta maimaita masa wasiyyar mijinta gaba ɗayanta, har da rabin da ƙanenta ya danne. Tsohon bai musa ba. Ya ce ƙanensa ya taɓa gaya masa haka a dutse shekaru da suka wuce, shi ma ya san ba za a kai shi gida ba. Ya ce a waya ya nemi gawar ne saboda ya ji an ɓoye masa. Da ɗansa ya tayar da maganar tono gawar, shi ya hana. Aka kai shi maƙabarta ya ga kabarin, ya tambayi alamar da za a gane shi da ita. Sannan ya roƙi abu ɗaya: babbar rigar da ƙanensa ke zuwa dutse da ita, da hularsa, domin mutanen gida su sami abin da za su taru a kansa su yi kuka.

Wannan roƙo ya raba unguwa fiye da maganar gawar. Samarin masallaci suka ce ba za a bayar ba, tunda an san kiɗa da rawa da giya za a yi a kanta, kuma Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo. Liman ya ce wan ba ya cikin magada, domin bambancin addini na hana gado, saboda haka rigar ta 'ya'ya ce da uwarsu. In sun ga dama su ba baffansu kyauta, babu mai hana su. Ya kawo labarin Asma'u 'yar Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushirika, Manzon Allah (SAW) ya ce ta sadar da zumuncinta. Ya kawo aya ta takwas ta Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Babban ɗan ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, Baba da kansa duk shekara yake kai masa kaya. Ni ba zan zama na farkon da zai mayar da shi hannu rabbana ba." Ya naɗe rigar da hular ya miƙa.

Ina tare da liman, ko da yake ba na raina damuwar samarin. Abin da addini ya ɗora mana a kan mamaci Musulmi shi ne wanka da likkafani da salla da binnewa, kuma an yi su cikakku. Riga ba gawa ba ce. Abin da aka yi da ita a dutse ba ya isa kabarin. Ɗan wan ya ce an taru, dangin uwa sun zo, an yi kuka, kuma surutun da ya fara yawo a ƙauye cewa an sace gawar ya mutu.

Inda kuskuren yake

A ganina Hausare ba ta yi laifi ba da ta ƙi ba da gawar. Mutumin Musulmi ne, ya kuma faɗa da bakinsa. Ajiye shi a firjin asibiti har a gama shawara ma ba mafita ba ce. A Kenya wani lauya, S. M. Otieno, ya rasu a Disambar 1986, matarsa 'yar Kikuyu da danginsa 'yan Luo suka shiga kotu kan inda za a binne shi, gawar ta yi wata biyar a ajiye, sai a Mayun 1987 aka binne shi bayan kotu ta ba dangi gaskiya. Babu wanda zai so wa nasa haka.

Laifin a asuba aka yi shi. Da an kira dutse lokacin da aka kira Ngaundare da Mubi, da tsohon ya iso wajen la'asar, sai a daɗa masa zuwa lokacin. Hadisin da ya ce a gaggauta jana'iza ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma malaman fiƙihu da dama sun yarda a ɗan jira dangi matuƙar ba a ji tsoron gawar za ta canja ba, kuma mu kanmu mun sha ɗaga jana'iza daga safe zuwa la'asar saboda ɗan wani alhaji yana hanya daga Yawunde. Ba mu taɓa cewa an saɓa wa sunna ba. Sai a kan tsoho mai addinin gargajiya ne gaggawa ta zama abin da ba a taɓawa. A cikin Buhari ɗin nan dai aka ruwaito cewa an wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne sai ya ce, ashe ba rai ba ne? Wanda aka koya masa girmama gawar wani addini bai kamata ya kasa girmama baƙin cikin mai rai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a Garwa aka yi wannan. Ahmadu Ahijo a garin nan aka haife shi a 1924. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989, aka binne shi a maƙabartar Yoff, kuma sama da shekara talatin ke nan maganar dawo da shi gida ba ta mutu ba a bakin mutanenmu. An yi masa wanka, an yi masa salla, yana kwance cikin Musulmi, duk da haka abin na ci mana rai, domin namu ne kuma yana nesa. Mutanen da suka san wannan ciwon bai dace su ce ba su gane abin da ya kawo tsoho daga Mogode a bayan babur cikin zafin Afrilu ba.

Ƙanen matar yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Da mutanen dutse sun iso da yawa gawa na kwance, ana iya kaiwa ga ja-in-ja a kan makara, abin da ya fi duk abin da ya faru muni. Amma a hannunsa akwai abin da zai tare wannan: wasiyyar mamacin, da shaidar matarsa, da liman, da jauro. Ya zaɓi ya riƙe rabin wasiyyar da ya yi masa daɗi ya jefar da ɗaya rabin. Rigimar da ya ji tsoro kuwa ɓoyewar ce ta haifar da ita, har ta kai yaron da ya tashi yana cin tuwon gidan ya tsaya a zauren baffansa ana kiran danginsa arna.

Wannan lamari ba zai zama na ƙarshe ba. Samarin da suka gangaro a shekarun 1970 da 1980, Kapsiki da Mafa da Gidar da Fali da sauransu, waɗanda suka musulunta suka yi aure a cikinmu, yanzu yawancinsu sun tsufa. Kusan kowannensu yana da wa ko ƙanwa a ƙauye, wasu Kiristoci, wasu kan addinin gargajiya. Tun bayan wannan rasuwar, idan irinsu ya rasu a ɓangarenmu na unguwa, jauro ba ya bari a sa lokacin jana'iza sai ya tambaya a gaban kowa ko an kira dangin mamacin, kuma shi da kansa yake karɓar lambar ya buga. Ƙanen matar yana ganin wannan tsokano rigima ne, kuma akwai 'yan unguwa da dama da ke bayansa.